Titi da Gandun Daji: Laccar da Aka Gabatar a Gwiwa

Ba zan tsaya bayanin kwararowar hamada ba, domin wanda ke kwashe rairayi daga bakin rijiyarsa kowace bazara ya fi ni saninta.

Ana faɗaɗa titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura har Kwangwalam, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, kuma duk inda babban titi ya je, ƙananan hanyoyi na biye da shi, har su iso mu nan Gwiwa da Roni. Shekara da shekaru muna jayayya da injiniyoyi a kan mas'ala guda: su suna auna faɗin kwalta, su ƙirga itatuwan da katafila za ta tuge, su ce hasarar ke nan, ni kuwa na ce wannan hisabi ɓatacce ne tun daga asalinsa, domin ɓarnar tana farawa ne ranar da aka yanke ƙyalle aka buɗe hanya.

Hujjata ita ce Falgore, kuma na san wasunku sun gaji da jin ta. Dajin nan an keɓe shi tun 1949 da sunan Kogin Kano, aka ɗaga darajarsa zuwa gandun namun daji a 1969, amma titin Kano zuwa Jos ya keta ta cikinsa. Duk wanda ya bi hanyar ya ga abin da nake faɗa: itace an faskara an jibge a gefen kwalta, buhunan gawayi a jere, bakinsu a toshe da busasshen ganye, da babbar motar da ta sauke kaya tana neman abin da za ta koma da shi. Kafin hanya, haddin sara shi ne abin da kan mace ko bayan jaki zai ɗauka, wanda daji ke iya mayarwa cikin damina biyu; bayan hanya kuwa, haddin ya koma cikin tirela da yunwar murhunan birni, waɗanda ba su san ƙoshi ba. Ƙirya ce ke fara tafiya saboda kyan gawayinta, sai marke, sannan a kai ga kanya da ɗorawa, itatuwan da kakanninmu ke jin kunyar ɗora wa gatari. In Falgore mai faɗi da masu gadi ta ji jiki, ina ga 'yan gandunanmu?

Masu cewa ni maƙiyin cigaba ne, kuma mai naƙuda na bukatar hanyar asibiti, amsarsu gajera ce: a yi hanyar, a kewaye gandun.

Keɓe gandu ba bidi'ar Nasara ba ce. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya keɓe Naƙi'u a matsayin hima, wato wurin kiwo da aka tsare, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, duka don maslahar al'umma. Saboda haka ina neman dokar nan mai lamba 86 ta 1992, wadda ta wajabta binciken illar aiki ga muhalli kafin a fara shi, a daina mayar da ita takardar cika fayil. A karanta rahoton da Hausa a ƙofar dagaci, makiyaya na zaune, tunda burtalinsu ne ake datsewa. A haramta haƙar marmara a cikin gandu. Malamin daji kuma a ba shi babur da mai, a kafa masa shinge a mahaɗar kowace sabuwar hanya, tun kafin motar farko ta wuce.