TSOFAFFINMU NA ZANGO DA SHA'ANIN ASIBITI



Mai girma Sarkin Hausawa, limamanmu, shugaban taro, iyayenmu maza da mata, da sauran 'yan'uwa, ina yi maku barka da zuwa. An ce in yi magana a kan lafiyar tsofaffi, to zan tsaya a kan namu na nan Sabo ta Ibadan, domin su na sani.

Tun shekarar 1916 aka kafa wannan unguwa, kuma goro da shanu ne suka kawo kakanninmu. A wancan zamani baƙo yana da mai masauki. Shi ne zai ba shi ɗaki, ya tsaya masa a ciniki, in ya kwanta ciwo ya nema masa magani, in abin ya yi tsanani ya sa shi a jirgin ƙasa a mai da shi gida. To yau fa? Akwai dattijon da ya zo yana saurayi, ya shekara hamsin yana dako ko gadi. Waɗanda ya sani a garinsu sun rasu, gona an raba, a nan kuma mai masaukin nasa ya riga shi tafiya. In muka ce a mai da shi gida, wane gida ke nan?

Kwanan baya na raka wani tsoho asibitin gwamnati, ba zan faɗi sunan asibitin ba. Mun isa bayan sallar asuba, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Likita ɗaya ne, layi kuwa har waje. Da muka shiga, baba ba ya jin Turanci, Yarbancinsa na kasuwa ne, wanda ya isa a yi ciniki amma bai isa a faɗi inda ciwo yake ba. Aka rubuta magani, aka ce babu, sai a kemis. Da ban bi shi ba, da takardar nan tana aljihunsa har yau.

Ban ɗora wa likitan laifi ba, wallahi. A shekarar 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya, amma Nijeriya ba ta taɓa kai wa nan ba. Likitoci da nas-nas suna ta tafiya Ingila da Saudiyya. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci yake fitowa. Kuma ciwon tsufa ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a tashi. Hawan jini da ciwon sukari abokan zama ne, kullum sai an sha magani. Tsoho ya ji sauƙi ya daina sha, ko kuɗi su ƙare, sai mu ji an ce ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙoda ta tsaya, a fara maganar wankin ƙoda wanda ko mai hali yana jin sa a jika. Masu yawo da lasifika suna cewa kwalba ɗaya tana warkar da sukari kuwa, ku yi hattara da su.

Amma fa akwai abin da yake haƙƙinmu ne, mu ne ba mu nema. Ga asibitin koyarwa na UCH nan kusa da mu. Tun 2012 aka buɗe a cikinsa sashen da ba ya duba kowa sai 'yan shekara 60 zuwa sama, wanda aka sa wa sunan Cif Tony Anenih. Mutum nawa a cikinmu suka taɓa kai mahaifinsu can? A 2022 kuma an sa hannu a kan sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa, ita ma Jihar Oyo tana da tata hukumar inshora. Ba na cewa komi yana tafiya daidai. Sai dai wanda ba a rubuta sunansa ba, ba a san da shi ba, kuma da yawa daga dattawanmu ko lambar katin ɗan ƙasa ba su da ita.

Saboda haka ga roƙona ga ƙungiya. Kowane liman ya ba mu sunayen tsofaffin masallacinsa, musamman waɗanda ba su da kowa, kada kuma a manta da tsofaffin mata da suke cikin gida ba a ganinsu. Samarinmu da suka yi makaranta, masu jin Yarbanci da Turanci, a raba masu aiki: kowane tsoho da yaron da zai riƙa raka shi asibiti, ya riƙe masa kati, ya tuna masa ranar komawa. A sayi na'urar awon jini ko guda biyu, 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya su riƙa auna mutane bayan sallar Juma'a. Kuɗin da muke tarawa na likkafani da kai gawa kuwa, a ware wani abu daga ciki a biya wa marasa galihu inshora tun suna da rai. Na san wannan na ƙarshe zai jawo muhawara, ma'aji ma ga shi yana kallona.

Sakatare yana da littafi a bakin ƙofa. Duk wanda ya san wani tsoho da yake kwance, ya ba da sunansa da layin da yake kafin ya fita.