Mai Ɗaukar Hoto da Titunan Kaduna



Duk baƙon da ya sauka Kaduna da kyamara rataye a wuya, da wuya ya kwana biyu bai tambayi hanyar Kafanchan ba, don ya je ya ɗauko hoton ruwan Matsirga yana kwararowa daga kan dutse. Ba laifi, wurin abin kallo ne, balle idan damina ta yi nisa. Amma fa abin da ya ɗauko, kusan shi wani ya ɗauka shekara 50 da suka wuce, domin dutse da ruwa ba sa gaggawar sake kama.

Wani zai ce ai halitta ma tana sakewa. Haka ne. Ƙanƙarar da ke daskare a kan Dutsen Kilimanjaro, da aka gwada taswirar 1912 da hotunan da aka ɗauka daga baya, sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nata ta ɓace. Watau darajar hoto tana wurin abin da ke shirin gushewa, kuma a ƙasar nan ba abin da ya kai titin birni saurin gushewa.

A duba Kaduna ta arewacin kogi. Tun da Turawa suka maido hedkwatarsu daga Zungeru a 1917, idon kyamara ya fi karkata ga hukuma: ginin Lugard Hall, hawan daba na zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, da na bikin FESTAC a 1977, dawakai da lifida da algaita. To, ina mai koko a tashar Kawo da asuba? Ina tela da kekensa a bakin titin Tudun Wada, ko leburorin da suka ɗora tubalan waɗancan gine-gine? Su ne suka cika garin, amma hotunansu ba su taka kara sun karya ba. Otal ɗin Durbar ma, da aka gina saboda baƙin 1977, an rushe shi a 2020; wanda bai san shi ba, sai dai a nuna masa hoto. A birnin Paris, wani Bafaranshe, Eugène Atget, ya shafe kusan shekara 30 yana bin tsofaffin lunguna da kyamara, ga shi masana tarihi na cin moriyar wahalarsa.

Saura ladabin aikin. Ruwa ba a neman izninsa, amma mutum ana yi masa sallama, a gaya masa dalili, in ya ƙi a haƙura, musamman matan aure. Sa'an nan a rubuta rana da sunan titi a bayan kowane hoto, ko a cikin wayar da ta ɗauke shi. Ma'aikatan da ke da tsofaffin hotuna jibge a kabad ɗin ofis, gara na ci, Gidan Arewa yana nan a titin Rabah, ba nisa.