Tsarin Ilmin Manya a Makarantun Kirista: Daga Kwaleji Zuwa Gona



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu dubi yadda majami'un Kirista na ƙasar Hausa suka tsara ilmin manya, don mu ga abin da mai tsara manhaja zai ƙaru da shi, ko wane addini yake bi. Ma'aunin da zan riƙe kuwa shi ne magidanci ɗan shekara 40 a gari irin Mawashi, cikin ƙaramar hukumar Kusada, mai noman gero da dawa da wake, ga iyali, ga 'yan awaki a bayan gida. Duk manhajar da ba ta amfani wannan mutum ba, to, da sauran gyara.

Bari mu ɗan waiwayi tarihi. Dokta Walter Miller na ƙungiyar C.M.S. ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kafin a mayar da mishan Wusasa a 1929. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa cikin Hausa. Wannan ya sa Hausar boko ta zama harshen karatu ga masu bi, har da waɗanda ba Hausawa ba. Sa'an nan a 1954 majami'un da ƙungiyar S.I.M. ta kafa suka tsaya da ƙafarsu da sunan E.C.W.A. A Jihar Katsina akwai Hausawa Kirista, galibinsu zuriyar Maguzawa, musamman a ƙasar Malumfashi da Ƙafur, kuma manoma ne kamar maƙwabtansu Musulmi.

Daga wannan tushe ilmi ya rabu gida biyu. Gida na farko shi ne na ilmi mai zurfi, alal misali Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya da ke Bukuru, wadda aka buɗe a 1959, da ta E.C.W.A. a Jos a 1980, da Jami'ar Bingham a Karu a 2005. A nan da Ingilishi ake koyarwa, kuma takardar shaida ake nema. Gida na biyu shi ne na makarantun Baibul na Hausa, inda magidanci kan zo da matarsa da 'ya'yansa, ya yi karatu da safe, ya yi noma da yamma. Makarantar Kulp da ke Kwarhi kusa da Mubi, wadda aka fara a farkon shekarun 1960, da gangan ta haɗa karatun addini da aikin gona.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce gidajen nan biyu ba su cika leƙa juna ba. Wanda ya hau sama yakan zarce birni, ƙauyen da ya haife shi ya yi asararsa. Wanda ya tsaya a ƙasa kuwa ya san mutanensa, amma ba a ba shi hanyar ƙarin ilmi ba. Wannan ciwo ba na majami'a kaɗai ba ne. Mu ma a jami'a muna fama da shi.

Don ganin yadda ake haɗa su, sai mu tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. A 1983 wani ma'aikacin S.I.M. ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, bayan dashen itatuwa ya ƙi ci masa, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sassabewa a gonaki toho ne daga kututturan itatuwa masu rai. Darasin da ya fito daga nan gajere ne: manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kan kututture, ya sare sauran, ya kiyaye su daga dabbobi. Kayan aikin kuwa adda ce da gatari, ajin kuma gona. A lokacin yunwar 1984 aka yaɗa abin cikin ƙauyuka, manoma suka raɗa masa suna sassabin zamani, suka riƙa koya wa juna, Musulmi da Kirista. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa sun farfaɗo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Ilmin ɗan jami'a ne, amma sai da ya shiga bakin manomi ya yi amfani.

Saboda haka nake ba masu tsara manhaja shawara huɗu. Na farko, harshe: a koyar da babba da harshen da yake ciniki da shi. Na biyu, lokaci: mutumin Mawashi ba zai bar shuka da noman firi ya zauna a aji ba, don haka a ɗora nauyin karatu a kan rani, bayan an kai amfani rumbu. Na uku, kowane darasi ya kasance da abin da za a taɓa da hannu, wato lissafin bashi da riba, adana hatsi, haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai zawo, karanta takardar magani. Na huɗu, a tanadi ajin mata tun daga farko, domin ciyarwa da jinya a hannunsu suke. Bugu da ƙari, a gina tsani tsakanin gidajen biyu: a wajabta wa ɗalibin kwaleji zaman koyarwa a ƙauye, a kuma buɗe wa haziƙin makarantar Hausa ƙofar kwaleji.

Ku ma'aikatan gwamnati, kun san Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya koya wa dubban manya karatu, amma inda ba a sami abin karantawa mai amfani ba, karatun ya gudu. Gemu ba ya hana ilmi, sai dai mai gemu ba ya zama a inda ba ya ganin riba. Ku ɗalibai kuwa, in kun gama, ku tambayi kanku ko akwai abu guda cikin abin da kuka koya wanda za ku iya bayyana wa kawunku a gindin bishiya ya gane, ya kuma yi aiki da shi kafin damina ta gaba.

Allah ya sa mu dace.