Kada Iyaye Su Tsaya Gaban Alƙali Su Kaɗai: Jawabi Ga Iyaye A Birnin Zariya

 Mun gode wa waɗanda suka tako daga Kwarbai, Juma, Limancin Kona da Ƙofar Doka. Maganarmu ta yau ita ce abin da uwa ko uba za su yi idan hukuma ta ɗauke musu yaro, ko aka kai su kotu a kan riƙonsa.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A watan Satumba 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna. A 2020, lokacin cutar korona, gwamnonin Arewa sun kwashi dubban almajirai zuwa jihohinsu na asali. Ceton yaron da ake azabtarwa aikin alheri ne. Amma bayan an ɗauke shi, sai an yanke inda zai koma, kuma a nan ne iyayen da ba su san doka ba suke rasa bakin magana.

Nijeriya ta kafa Dokar 'Yancin Yara a 2003, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar kula da yara da kāre su a 2018. Doka ta sa maslahar yaro a gaba da kome. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba kowa haƙƙin a saurare shi cikin adalci. Sai dai jami'in jin daɗin jama'a yana zuwa kotu da rahoto a rubuce, da Turanci. Uwar da ke sayar da ƙosai tana zuwa da hawayenta kawai.

Aikin lauya shi ne ya karanta wannan rahoto, ya yi wa wanda ya rubuta shi tambayoyi, ya nuna wa alƙali bambancin talauci da sakaci. Zai iya roƙon a ba kaka ko gwaggo riƙon yaron maimakon gidan marayu, ya nemi ranakun ziyara, ya ɗaukaka ƙara kafin lokaci ya wuce. Haka ma a kotun Shari'a: a mazhabar Malikiyya uwa ce kan gaba wajen riƙo bayan saki, sannan mahaifiyarta, amma mata da yawa suna sallamawa don ba wanda ya gaya musu.

A Amurka, wani bincike na 2019 a birnin New York ya nuna cewa idan iyaye suka samu lauya mai aiki tare da ma'aikacin jin daɗin jama'a, zaman yaransu a hannun hukuma yana raguwa da kimanin kwana 118, ba tare da cutar da yaran ta ƙaru ba.

Mun san maganar kuɗi ce ke hana mutane. Akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin marasa hali. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. A nan Kongo kuma, Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ofishin ba da shawara kyauta.

Ga roƙonmu gare ku. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar da ba a fassara muku ba. Ku tambayi sunan jami'in da ofishinsa, da inda aka kai yaron. Ku adana takardar haihuwa, katin rigakafi da takardun makaranta. Kada ku ƙi zuwa kotu don tsoro ko kunya, domin rashin zuwa yana iya sa a yanke hukunci ba ku nan.

Masu unguwanni, ku ne ake fara kawo wa kuka. Idan an zo muku, ku haɗa iyayen da lauya tun ranar farko, domin da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Allah ya raya mana zuriya, ya mai da kowa gida lafiya.