Idan Murhun Gas Ya Ƙi Kamawa: Hanci Kafin Ashana

Lacca da aka gabatar a taron wayar da kan al'umma a Yelwan Yauri

Iyayenmu sarakuna da hakimai, malamai, iyaye mata, da 'yan'uwa da suka taso daga Wara da Shanga da ƙauyukan bakin ruwa, barkanmu da haɗuwa.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tashi dubban Gungawa da maƙwabtansu daga tsibirai zuwa tudu, dajin da ke kewaye da mu yake ɗauke da nauyin girkinmu da bandar kifinmu. Yau itace ya yi nisa, gawayi ya yi tsada, kananzir ya fi ƙarfin talaka. Shi ya sa tukunyar gas, 'yar ƙarama mai kilo 3 ko 6 da babba mai kilo 12.5, take ta shigowa gidajenmu. Sai dai ranar da murhun ya ƙi kamawa, wata uwargida ta yi ta murɗa makunni tana ƙyasta ashana har wuta ta taso mata a fuska, wata kuma ta ture shi gefe ta koma hayaƙin itace. Duka biyun hasara ce, alhali galibi matsalar ba ta kai ta kawo ba.

Kafin a taɓa komai, a shinshina. Gas ɗin girki ba shi da wari na kansa. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya gane shi. Kuma ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasan ɗaki. Idan kika ji wari, ki rufe tukunya, ki buɗe ƙofa da taga, ki fitar da yara. Kada ki kunna fitilar lantarki, kada ki kashe ta, don makunnin bango ma yana yin tartsatsi.

Idan babu wari, to a bi a hankali. Kamar yadda murhun gargajiya ba ya tsayuwa sai da duwatsu uku, haka wutar gas take buƙatar abu uku: gas, iska da tartsatsi.

Na farko, gas yana isowa kuwa? Nauyin tukunyar ba komai a ciki yana rubuce a wuyanta. A ɗora ta a sikeli, abin da ya haura shi ne gas ɗin da ya rage. Idan da saura, a duba regileta, wato kan da ake ɗaurawa a bakin tukunya: ya zauna daram? Robar da ke bakin ba ta tsage ba? Wasu regiletocin suna toshe kansu idan aka buɗe su da gaggawa. Maganinsa a rufe komai, a ɗan jira, a sake buɗewa sannu a hankali. Sai a bi tiyo da hannu, a ga ko ya lanƙwashe, ko ya bushe ya tsattsage, ko ɓera ya gaigaye shi. Yoyo kuwa da kumfar sabulu ake nemansa: inda kumfa ta yi ta kumburi, nan ne. Ba a gwada yoyo da ashana.

Na biyu, iska. A ƙarƙashin kan murhu akwai wata 'yar ƙofa ta tagulla, ba ta kai kaurin tsinken ashana ba, ta nan gas yake fita ya haɗu da iska a cikin bututu. Miyar da ta tafasa ta zube, kunun da ya malala, da ƙurar hunturu, duk suna toshe ta. Murhun da ya daɗe a ajiye kuma, gizo-gizo da zanzaro kan yi gida a bututunsa, kuma danshin bakin tafki yana sa tsatsa. A bari ya huce, a ɗauke kan, a goge da tsohon burushin haƙori, a shanya ya bushe sarai. Kada a sakata 'yar ƙofar da allura. Tagulla tana da taushi, idan ta buɗe, gas zai yi yawa. Wuta mai lafiya shuɗiya ce. Idan ta yi ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunyar girki, iska ba ta isarta, kuma irin wannan konewar tana fitar da guba marar wari.

Na uku, tartsatsi. Idan ana jin ƙas-ƙas amma ba a ganin walƙiyarsa, tsinin makunnin ya jiƙe ko maiƙo ya rufe shi. Idan shiru ne, wataƙila batir ya mutu. Wasu murahun kuma sai an danne makunni na 'yan daƙiƙoƙi bayan wuta ta kama, in ba haka ba su katse gas. In za a yi amfani da ashana, a fara ƙyasta ta, sannan a buɗe gas.

Nan hannun mai gida ya kamata ya tsaya. Ba a kwantar da tukunya, ba a ɗumama ta don a tatso sauran gas, ba a ɗaure tiyo da kyauro ko leda, ba a kwance regileta. Wanda ya lalace canja shi ake yi. Mu tuna fashewar shagon gas na Sabon Tasha a Kaduna, ranar 4 ga Janairu, 2020, wadda ta ci rayuka, har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya.

Ina roƙon abu uku. Masu ɗura gas su riƙa duba roba da shekarun tukunya kafin su ɗura, su ƙi wadda ta yi tsatsa. Ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga su horar da matasa gyaran murhu, domin sana'a ce mai ci. Mu kuma da muke nan, kowa ya koya wa matan gidansu da 'yan matan da ke taya girki wannan tsari tun kafin ranar buƙata.

Allah Ya kare mu da iyalanmu daga gobara.