GIREBA DA GASAR GIRKE-GIRKE: JAWABI GA TARON TSOFAFFIN ƊALIBAI



An nemi in yi tsokaci a kan shawarar da ke gabanmu, ta shirya wa ƙannenmu ɗalibai gasar toye-toye da gashe-gashe a ƙarshen shekarar karatu. Ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Sai dai na ji wasu na cewa biskit da kek kaɗai za a karɓa, wai su ne na zamani. A nan muka raba hanya.

Jama'a, muna da biskit namu tun kafin na kanti ya cika kasuwa, sunansa gireba. Fulawa ce da sukari da man gyaɗa, a murza su da hannu har su haɗe, a danna a ƙaramin ludayi, a dangwala riɗi a kai, a gasa. Mutanen Masar da na Maroko suna da irinsa, sunan da suke kiransa da shi ma ya yi kama da namu. Duk wadda ta taɓa haɗa garar amarya ta san gireba na tafiya tare da alkaki da nakiya da dubulan, ta kuma san dangin ango alƙalai ne da ba sa sassauci. Ashe mun daɗe muna gasa, kofi ne kawai ba a bayarwa.

Abin da ya sa nake son a yi ta a makaranta shi ne awo. Iyayenmu da ido suke aiki. Ka tambayi tsohuwa yawan man da take zubawa, sai ta ce, "Har sai ya yi." Ita hannunta ya sani, amma ranar da ta kwanta dama ta tafi da saninta. Don haka a wajabta wa kowace ɗaliba ta zo da takarda: gwangwani nawa na fulawa, nawa na sukari, minti nawa a wuta. Ta je ta zauna gaban kakarta ta auna abin da tsohuwar ta ɗiba. Alƙalai su ba takardar maki kamar yadda za su ba ɗanɗano.

Sai batun wuta, wanda a ganina shi ne zai hana ko ya jawo rashin adalci. Gida nawa ke da oba a ƙauyukanmu? Yawanci yashi ake zubawa a gindin babbar tukunya, a ɗora faranti, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi. Hanya ce mai kyau, amma tana son haƙuri, don in wutar ƙasa ta fi ta sama, gindi ya ƙone ciki bai gasu ba. In 'yar mai oba ta gaso nata a gida, 'yar manomi ta zo da na tukunya, to dukiyar iyaye muka gwada. Kowa ya gasa a filin makaranta, tukunya iri ɗaya, gawayi iri ɗaya. Yara maza ma kada a hana su. Masu gidajen burodi a Birnin Kebbi ai galibi maza ne.

Wasunmu na tuna 1987, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, fulawa ta yi tsada, masu burodi suka shiga gauraya ta da garin masara da na dawa. Jiharmu kuwa, wadda aka cire daga Sakkwato a 1991, da shinkafa aka san ta. Garin shinkafa ba shi da danƙo irin na alkama, shi ya sa ba ya yin burodi, amma gireba ai rugurgujewa a baki ake so ya yi. A ware kyauta guda ga wadda ta fi iya sarrafa shi.

Na san yaranmu sun ji labarin Hilda Baci, wadda ta yi awa 93 da minti 11 tana girki a Legas a 2023, har ta shiga kundin Guinness. Mu awa uku ta ishe mu.

Roƙona ga 'yan'uwa shi ne, kafin mu watse a samu wanda zai ɗauki nauyin buhun fulawa da jarkar mai, da tsofaffin malamai mata uku da za su yi alƙalanci, waɗanda ba su da 'ya ko jika cikin masu gasar. Ni na ɗauki riɗi da gawayi.