Mota Tana Faɗin Ciwonta: Jawabi Ga Masu Tsofaffin Motoci

Wani tsohon bakanike ya yi wa direbobi da manoman albasa jawabi a Yelwan Yawuri. Maganarsa a kan tsofaffin motoci ce, musamman masu turbo. Ga bayanin da ya yi.

Ya fara da cewa yawancin motocin da ke ɗaukar albasa da shinkafa da bandar kifi daga Yawuri da Ngaski da Shanga tsofaffi ne. An more su a Turai ko wata ƙasa kafin su zo hannunmu. Da yawa daga cikin Kanta da Hilux da manyan motocin DAF suna da turbo, haka ma wasu Sharon na haya. Idan irin wannan mota ta tsaya a daji tsakanin Yelwa da Kwantagora, hasarar ba ta mai mota kaɗai ba ce. Albasa ba ta jiran gyara. Manomin da ya yi wata da watanni yana ban ruwa shi ma ya shiga uku.

Mene ne turbo?

Ya ce kowa ya san zugazugin maƙeri. Idan ana zuga, wuta tana ƙara ƙarfi, domin ta sami iska. To, turbo zugazugin inji ne. Farfela biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko, ita kuma ta biyu ta riƙa tura iska cikin inji. Da haka ƙaramin inji ke yin aikin babba. Wani injiniya mutumin ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Buchi ne ya yi rajistar wannan dabara a shekarar 1905.

Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma cikin zafi mai tsanani. Baƙin mai ne kaɗai ke raba ta da ƙonewa. Saboda haka manyan maƙiyan turbo biyu ne, wato baƙin mai maras kyau da ƙura.

A dubi hayaƙi

Bakaniken ya ce mota ba ta da baki, amma tana faɗin ciwonta. Hanya ta farko ita ce hayaƙin salansa. Direba ya sa yaron mota ya taka totur, shi kuma ya koma baya ya duba.

Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Mota za ta rasa ƙarfi a hawa, ta riƙa shan mai. A fara da abu mai araha. A ciro matatar iska a duba, domin ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye tana toshe ta. Daga nan a bi tiyon da ke kai iska daga turbo zuwa inji. Sau da yawa tiyon ne ya tsage, ko ɗaurinsa ya kwance. Sai an ga waɗannan lafiya lau sannan a je ga nozul.

Shuɗin hayaƙi kuwa alama ce inji yana ƙona baƙin mai. A nan ya ja kunnen Sarkawa da masu jiragen ruwa na tafkin Kainji. Ya ce sun saba ganin shuɗin hayaƙi a injin jirgi irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kuma wannan ba laifi ba ne, haka aka ƙera shi. Amma a mota ciwo ne. Ko dai turbo yana yoyon mai, ko kuwa ringin fistin ya cinye.

Farin hayaƙi da sassafe lokacin sanyi ba abin damuwa ba ne, in dai ya ɗauke bayan inji ya yi ɗumi. Idan ya ƙi ɗaukewa, kuma ruwan lagireto yana raguwa kullum, to ruwa yana shiga inji. A zaro sandar awon mai. In an ga man ya koma kamar shayi da madara, gasket ya ƙone. Ya gargaɗi direbobi kada su kuskura su buɗe lagireto yana da zafi, domin ruwan yana iya sale wa mutum fuska.

A kasa kunne

Hanya ta biyu ita ce sauti. Turbo mai lafiya yana ɗan fito a hankali idan an taka totur. Idan fiton ya koma kamar jiniya, farfela ta sami matsala. Idan ana jin huci kamar taya tana sacewa, iska ce ke zurarewa daga tiyo. Idan kuwa aka ji ƙarfe yana gugar ƙarfe, ko jar fitilar baƙin mai ta kama, a tsaya nan take a kashe mota. Wanda ya ce bari in lallaɓa zuwa gari, sau da yawa sabon inji yake saya.

A taɓa da hannu

Ya ce akwai gwajin da mai mota zai iya gani da idonsa. A kashe inji, a bari ya huce sarai. A cire tiyon da ke bakin turbo. A kama sandar farfela da yatsa biyu a girgiza. Ɗan motsi kaɗan zuwa gefe ba kome. Amma idan farfelar tana taɓa bango, ko sandar tana shiga tana fita, ko fikafikan sun gutsure, turbo ya mutu.

Ya ƙara da cewa turbo ba ya mutuwa haka kawai. Akwai abin da ya kashe shi. Idan an sa wani ba tare da an wanke bututun da ke kai masa mai ba, kuma ba a canza baƙin mai da matatarsa ba, shi ma sabon ba zai daɗe ba.

Idan inji ya ƙi mutuwa

Akwai wani haɗari da ke samun motoci masu shan gas. Idan turbo ya fashe, baƙin mai yakan kwarara cikin inji, injin ya riƙa shansa maimakon gas. Sai ya yi ta ruri, hayaƙi ya turnuƙe, ko an zare makulli ba zai mutu ba. A nan direba ya taka birki da ƙarfi, ya sa babbar giya, ya saki kuloci, inji zai shaƙe ya mutu. In haka ta gagara, a toshe mashigar iska da katako mai faɗi. Kada a sa hannu ko tsumma, domin zai zuƙe su. Fasinjoji kuma su yi nisa.

Ba kowane ciwo ne na turbo ba

Bakaniken ya tuna wa jama'a abin da ya faru a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan, motoci da yawa suka lalace. Ya ce idan mota ta fara shaƙewa jim kaɗan bayan an sha mai, a fara zargin man. A zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye. In da ruwa ko datti, zai kwanta a ƙasa. Ya ce tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kome ya yi tsada, saboda haka ba wanda ke da kuɗin canza kaya a kan ƙila-wa-ƙala. Mai mota yana da ikon ya ce wa bakanike, "Maigida, nuna mini abin da ya lalace, ka kuma gaya mini abin da ya lalata shi." Bakanike na gari ba ya jin haushin wannan tambaya.

Rigakafi ya fi magani

Daga ƙarshe ya ba da shawara huɗu. Ta farko, a auna baƙin mai kowace safiya, a kuma yi juye kada a wuce kilomita 5,000. A rubuta ranar juye a ɗan littafi a ajiye cikin mota. Ta biyu, a guji baƙin man da ake aunawa a kwalba wanda ba a san asalinsa ba. Ta uku, kada a tuƙa mota ba matatar iska, ko da na yini ɗaya ne. Ta huɗu, da safe kada a taka totur da ƙarfi sai mai ya zagaya, sannan bayan doguwar tafiya da lodi a bar inji yana aiki a tsaye kamar minti biyu kafin a kashe, domin turbo ya huce.

Ya rufe jawabinsa da roƙon direbobi su koya wa yaransu waɗannan alamu, domin yaron mota na yau shi ne direban gobe. Allah ya kiyaye hanya, amin.